ƘWAYAR TARA: AMFANINTA DA KUMA HATSARIN DA KE CIKINTA

A kan duwatsun Andis na ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, akwai wata itaciya mai ƙaya wadda mutanen wurin ke kira tara. Sunan ba shi da wata dangantaka da tara ta ƙidayar Hausa. Itaciyar dangin wake ce, tana jure fari, tana kuma yin 'ya'ya cikin kwanso ja mai faɗi. Peru ce kan gaba a duniya wajen nomanta, musamman a jihohin Kahamarka da Ayakuco.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar suka san amfanin kwanson. Kamar yadda majeman Kano da na Sakkwato ke jima da bagaruwa, haka su ma suke jeme fata da garin kwanson tara. Har ila yau sukan dafa shi su kurkure maƙogwaro da ruwan in yana ciwo. Ƙwayar da ke ciki kuwa sai a zamanin nan 'yan kasuwa suka waiwaye ta.

Ƙwayar tara kashi uku ce, watau ɓawo mai tauri, da wani farin sashe mai danƙo, sa'an nan da idon da tsiro ke fitowa daga gare shi. Daga farin sashen ne ake samun ƙaron tara, wanda masana'antu ke zubawa cikin askirim da miyar gwangwani don su yi kauri. A ƙasashen Turai lambarsa E417. Ciki ba ya narkar da wannan ƙaro, sai dai ya wuce kamar dusa, kuma masana sun nuna cewa ire-irensa na taimaka wa hanji, suna rage saurin shigar sukari cikin jini. Amma fa ɗan abin da ake sa wa abinci bai kai a kira shi magani ba. A shekarar 2017 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta sāke bincikensa, ta ce babu abin tsoro a cikinsa.

Idon ƙwayar shi ne ya ja hankali, domin sinadarin furotin mai gina jiki da ke cikinsa ya kai ko ya zarce na waken soya. Ganin haka sai aka fara niƙa shi gari ana sayarwa. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo.

A watan Yuni na shekarar 2022 ne wani kamfanin Amurka mai suna Daily Harvest ya janye wani abincinsa daga kasuwa, bayan da masu ci suka yi ta kukan ciwon ciki da amai da zazzaɓi. Kusan mutum 400 suka kai ƙara ga hukuma, fiye da 130 aka kwantar a asibiti, an sami lahani a hantar waɗansu, waɗansu kuma sai da aka cire musu matsarmama. Bincike ya nuna garin tara ne abin zargi. A 2023 masana a Jami'ar Misisifi suka gano wani sinadari mai suna baikiain a cikin garin, wanda ya taɓa hantar ɓerayen da aka gwada shi a kansu. A watan Mayu na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukunci cewa garin tara bai cika sharuɗɗan shiga abincin mutane ba.

Saboda haka wajibi ne mai sayen abincin gwangwani ko garin ƙarin ƙarfi na ƙasashen waje ya bambanta abubuwan biyu. Ƙaron tara an daɗe ana ci lafiya. Garin tara kuwa, in an gan shi rubuce a jikin kwali, sai a mayar da shi inda aka ɗauko.