Rabon gonaki a Brazil: an samu fili, saura me?

A Brazil, inda 'yan tsirarun masu hali suka mallaki kusan rabin gonakin ƙasar, ƙungiyar manoma marasa fili ta MST, wadda aka kafa a garin Cascavel a 1984, ta daɗe tana kafa sansani a manyan gonakin da aka bari ba a nomawa. Hujjarta tsarin mulkin 1988, wanda ya ba gwamnati ikon karɓar filin da ba ya amfanar jama'a, ta biya diyya, hukumar rabon filaye ta INCRA ta yanka wa iyalai. Sai dai takardar fili ba ta cika rumbu. Sau da yawa ƙasar da ake rabawa ta riga ta gaji, shanu sun tattake ta, wanda aka ba kuma ba shi da kuɗin takin zamani da maganin feshi. In ya ci bashi don ya kwaikwayi manyan masu noman waken suya, bashin ne zai raba shi da gonar.

Shi ya sa tun wajen 2000 ƙungiyar ta karkata ga noman da ke farfaɗo da ƙasa: takin gida, haɗa amfani iri-iri da itatuwa a gona guda, da adana irin shuka. Wannan noma ya fi cin ilimi da lura fiye da kuɗi, nan ne jami'a ta shigo. Shirin PRONERA na 1998 ya buɗe wa 'ya'yan ƙauyukan da aka kafa a filayen da aka raba ƙofar jami'o'in gwamnati, inda ɗalibi kan yi zango a aji, ya koma gonar gidansu ya gwada, ya dawo da tambayoyi. Dama tun 1969 masanin ilimi Paulo Freire ya soki malamin gonan da ke zuwa ƙauye da amsa a aljihu bai saurari kowa ba.

Masu suka na cewa wannan noma wahala ce, amfaninsa kaɗan, kuma wasu iyalan sun watsar da filayensu. Da gaskiyarsu, musamman a shekarun farko kafin ƙasa ta murmure. Amma inda aka haɗa ilimi da kasuwa lissafin ya canza. Dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen ƙananan manoma, kuma ƙauyukan MST a jihar Rio Grande do Sul sun shiga sahun gaba a Latin Amurka wajen noman shinkafa ba tare da sinadari ba.