Ko Kun Sani? Dodon da Ya Ari Kan Karkanda

Ko kun san cewa shahararren dodon nan na dutse da ke tsakiyar birnin Klagenfurt a ƙasar Ostiriya, kan karkanda gare shi? Wajen shekarar 1335 aka tono wani ƙaton ƙoƙon kai a kusa da birnin. Mutanen garin ba su taɓa ganin irinsa ba, sai suka yanke cewa na dodon nan ne mai fukafukai da kakanninsu ke ba da labarin yana cinye mutane da dabbobi a fadama. Suka adana shi da daraja. Da aka zo sassaƙa siffar dodon wajen 1590, wannan ƙashi ne masassaƙin ya duba ya fitar da kan, ya haɗa masa jiki mai ɓawo da doguwar wutsiya. Ba wauta suka yi ba, domin a lokacin ba a san cewa wasu dabbobi sun rayu sun ƙare kaf ba. Sai a 1840 masani Franz Unger ya gano ƙashin na karkanda ne mai tarin gashi, wadda ta rayu a zamanin ƙanƙara. Har yau ƙoƙon yana gidan tarihin birnin.