Layin da ba ka raba da kowa: darasi daga zamanin intanet ta wayar girke

Kafin zuwan intanet mai sauri, shiga yanar gizo kiran waya ne. Kwamfuta na amfani da na'urar modem ta buga lambar kamfanin da ke sayar da intanet, inda wata modem ɗin ke amsawa. Kowace modem mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, har sai ya katse kiran.

A nan lissafin kasuwar yake. Kamfani ba ya tanadar wa kowane mai rajista modem tasa. Yakan ajiye guda ɗaya ga kusan mutum 10, bisa hasashen cewa ba za su kira a tare ba. Idan hasashen ya ci tura, wanda ya makara sai ya tarar da layi a cike.

Hakan ta faru a Amurka a watan Disamba na 1996, lokacin da kamfanin America Online ya daina cajin kuɗi bisa awa, ya koma dala 19.95 a wata ba tare da iyaka ba. Jama'a suka riƙa zama a kan layi ba sa sauka, don gudun kada su rasa gurbi. Dubban waɗanda suka biya suka kasa shiga. A watan Janairu na 1997, bayan matsin lamba daga manyan lauyoyin gwamnati na jihohi fiye da 30, kamfanin ya amince ya mayar wa masu rajista kuɗi.

Mai hali kuwa yana da mafita: keɓaɓɓen layi. Kamfani kan ware modem ɗaya da lambar waya ɗaya, ya saita su yadda ba za su karɓi sunan kowa da kalmar sirrinsa ba sai na mutum guda. Sau da yawa akan haɗa masa da adireshin intanet na dindindin, abin da ke bai wa ƙananan ofisoshi damar ajiye kwamfutar imel tasu a kunne dare da rana. Saurin bai ƙaru ba, bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Abin da ake saye shi ne tabbacin samun gurbi, kuma farashinsa ya ninka na layin gama-gari, domin mutum ɗaya ne ke biyan abin da goma za su raba.

Modem ta zama tarihi, amma lissafin yana nan. Hasumiyar sadarwa da ke unguwarku ita ma rabawa ake yi, shi ya sa data ke jan ƙafa da daddare. Duk lokacin da kamfani ya yi tallar intanet marar iyaka, tambayar da ta kamata masu saye da hukumomin sa ido su yi ita ce: mutum nawa aka sayar wa gurbi ɗaya?