Ishaya Audu: daga kujerar minista zuwa ɗakin duba marasa lafiya

Duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san yadda Ambursa take cika ranar da wani babba zai sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello: jiniya, jerin gwanon motoci, 'yan rakiya da maroƙa. A idon yaron da ke kallo a bakin titi, wanda aka zo tarba shi ne ya ci nasara a duniya. Kiristocin ƙasar Hausa ma ba su tsira daga wannan ma'auni ba, balle yanzu da wasu masu wa'azi ke auna albarkar Allah da girman mota.

Littafin da suke riƙe da shi kuwa ba haka ya koyar ba. Bisharar Yohanna ta kawo yadda Yesu Almasihu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa a daren da za a kama shi, aikin da bayi suka saba yi a wancan zamani. A Markus ma, da almajiran suka soma gardamar muƙami, hidima ya nuna musu. Har yau limaman Katolika kan wanke ƙafafun mabiyansu ranar Alhamis ta gabanin Ista.

Ba sai an je nesa neman wanda ya bi wannan tafarki ba. An haifi Farfesa Ishaya Audu a Anchau a 1927, ya yi karatu a makarantar mishan ta Wusasa, ya zama likitan yara, har ya yi aikin likitan Sardauna. A 1966, yana da shekara 39, aka damƙa masa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, ya riƙe ta har 1975. A zaɓen 1979 shi ne abokin takarar Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, daga baya Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje.

Sai sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983, suka tsare shi.

Abin lura a tarihinsa shi ne inda ya nufa bayan an sake shi. Da yawa daga tsofaffin ministoci sukan ƙare rayuwarsu suna zarya a gidajen masu mulki, suna neman a tuna da su. Shi Samaru ya koma, ya riƙa duba marasa lafiya a asibitinsa, yana kuma aikin fasto. Mutumin da ya zauna da shugabannin ƙasashe ya dawo yana sauraron uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi. A wannan aiki ya shafe ragowar shekarunsa, ya rasu a 2005.

Ya kamata fastocin Birnin Kebbi, Argungu da Zuru su riƙa ba matasan ikilisiyoyinsu wannan tarihi, domin da yawansu ko sunan Ishaya Audu ba su taɓa ji ba.