Binciken Masana Cikin Kwalba: Aikin Wake Don 'Yan Makaranta

'Yan'uwa manoma, kowa ya san ɓarnar ƙwaron wake. A zuba wake a buhu da kaka, kafin bazara duk ya huhhuje, ya koma gari. Don gudun hasara waɗansu sukan barbaɗa masa magani mai guba. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Abin da masana suka gano

Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, sun daɗe suna binciken ajiyar wake ba tare da magani ba. Daga nan aka sami buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda aka soma yaɗawa a 2007. A 2012 suka buga bayanin yadda yake aiki. In an toshe iska, ƙwarin da kansu suke shanye iskar numfashin da ta rage. Sai su daina ci, jikinsu ya bushe, su mutu.

Su masanan suna da na'urar auna iska. Yaranmu na sakandare a nan Rafin Guza ba su da ita, amma suna da ido, sun kuma iya ƙirga. Maimakon auna iska, sai su ƙirga huda. Tambayar ɗaya ce, kayan aikin ne kawai aka rage.

Yadda za a yi

1. A nemo wake mai ƙwari a gida ko a kasuwar Kawo, a cuɗa shi sosai.
2. A ɗebi ƙwaya 100, a ƙirga masu huda, a rubuta tare da kwanan wata.
3. A cika kwalabe 6 iri ɗaya har baki. A toshe 3 da murfi, a liƙe da kakin kyandir. Sauran 3 a ɗaure bakinsu da ƙyalle kawai.
4. A jera su wuri ɗaya a inuwa. Kada a buɗe sai bayan mako 8, gama a lokacin zafi ƙwaron yakan kai wajen mako 3 zuwa 4 daga ƙwai zuwa babba.
5. A sake ƙirga ƙwaya 100 daga kowace kwalba.

Me ya sa uku-uku? Domin kwalba ɗaya tana iya yin yoyon iska ta ruɗe mu. Kwalaben ƙyalle kuwa su ne ma'auni. In babu su, ba za a san aikin da toshewa ta yi ba. Yaro ya rubuta abin da ya gani daidai, ko da bai zo yadda ya zata ba.

Rabonmu

Muna roƙon kowace ƙungiyar manoma ta ba da wake da kwalabe, ta yi magana da malamin kimiyya. Ranar buɗewa a kira yaran taron ƙungiya, su zube waken a faifai gaban iyaye. Gani ya kori ji. Daga nan sai mu shawarta yadda za mu ajiye waken bana.