Cinikin Faɗuwar Hannun Jari: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

A kwanakin nan talla ta yawaita a wayoyin hannu, ana kiran samari su shiga wani irin ciniki da a ke ce da shi CFD, wai mutum ya kan ci riba ko da farashin hannun jari faɗuwa ya ke yi. Tun da ya ke wurin hakimi talakawa su kan fara kawo tambaya, ko kuka in dukiya ta salwanta, ya kyautu hakimai da malamansu su san yadda abin ya ke.

Yadda a ke cin ribar faɗuwa

In mutum ya ranci buhun dawa da damina lokacin da hatsi ke tsada, ya sayar, sa'an nan kaka ta yi hatsi ya yi araha, ya sayo wani buhun ya mayar wa mai shi, to, rarar da ta rage a hannunsa ita ce ribarsa. Amma in fari ya yi, dawa ta ƙara tsada, tilas ya sayo ta a kan ko nawa ne. Haka a ke yi da hannun jarin kamfanoni a manyan kasuwannin duniya. Mutum ya kan ranta, ya sayar, yana fata farashi ya faɗi ya sayo da araha ya biya.

Mene ne CFD?

CFD yarjejeniya ce tsakanin mutum da dillali. Ba a rancen hannun jari a cikinta, ba a kuwa mallakarsa. Iyakar abin da a ke yi shi ne a rubuta farashin ranar da aka ƙulla, in an zo warwarewa a duba bambancin. In farashi ya sauka, dillali ya biya mai cinikin faɗuwa, in ya hau, shi ya biya dillali. A Landan aka ƙago ta a farkon shekarun 1990, domin manyan masu juya kuɗi, tun da ba a biyan harajin kan sarki na rabin ɗaya bisa ɗari wanda Ingila ke karɓa a kan sayen hannun jari. Daga baya aka buɗe ta ga kowa ta hanyar intanet.

Misali

A ce hannun jarin wani kamfani fam 5 ne guda, mutum ya ƙulla a kan guda 1,000. Darajar yarjejeniyar fam 5,000 ke nan, amma dillali ba zai nemi duka ba, sai jingina ta kashi ɗaya bisa biyar, watau fam 1,000. In farashi ya sauka zuwa fam 4, mutumin ya sami fam 1,000, kuɗinsa sun ninka. In kuwa ya hau zuwa fam 6, jinginar ta tafi duka. Motsi na fam ɗaya tak ya isa ya cinye abin da ya ajiye. Ban da wannan akwai la'adar dillali, da kuɗin kwana da a ke lissafawa kowane dare muddin yarjejeniyar na buɗe. In kuma kamfanin ya raba riba ga masu hannun jari, sai a cire daidai wannan daga asusun mai cinikin faɗuwa.

Inda haɗarin ya ke

Ga abin da ya fi muhimmanci a riƙe. Wanda ya sayi hannun jari na fam 5, iyakar hasararsa fam 5, gama farashi ba ya wuce sifiri. Mai cinikin faɗuwa kuwa, ribarsa ce ke da iyaka, hasararsa ba ta da ita, domin ba abin da ke hana farashi hawa.

An ga haka a Jamus a 2008. Mutane da yawa sun yi cinikin faɗuwa a kan kamfanin motoci na Volkswagen. Ran 26 ga Oktoba sai kamfanin Porsche ya bayyana cewa kimanin kashi 74 bisa ɗari na hannun jarin yana hannunsa ko a ƙarƙashin ikonsa, gwamnatin jihar da kamfanin ya ke cikinta kuma tana da wajen kashi 20. Abin da ya rage a kasuwa bai kai abin da a ke bin masu rancen ba. Kowa ya ruga saye, farashi ya tashi daga wajen Yuro 210 har ya haura Yuro 1,000 ran 28 ga wata. Irin wannan ya sake aukuwa a Amurka a Janairun 2021, inda hannun jarin GameStop ya tashi daga ƙasa da dala 20 har ya kai dala 483. Mai CFD wannan farashin ya ke bi, kuma dillali ba ya jiran ya sauko, da zarar jingina ta gaza sai ya rufe yarjejeniyar.

Dokokin ƙasashe

A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin 74 da 89 cikin kowane asusu 100 na ƙananan masu cinikin CFD hasara su ke yi. Sai ta kafa doka cewa jinginar hannun jari kada ta kasa ɗaya bisa biyar, a rufe yarjejeniya in rabin jinginar ya tafi, kada kuma a bi mutum fiye da abin da ke cikin asusunsa. Ingila ta tabbatar da irin wannan doka a 2019. A Amurka kuwa ba a yarda a sayar wa jama'a CFD ba sam. Sai a lura, wannan kariya tana kan dillalan da ke ƙarƙashin waɗancan hukumomi ne kaɗai. Wanda ya tura kuɗinsa ga dillalin da ba a san mazauninsa ba, ba shi da inda zai kai ƙara.

Abin da a ke so hakimai su yi

Na farko, in wani ya zo neman shawara, a tambaye shi ko wace hukuma ce ta yi wa dillalin rajista, a kuma umurce shi ya bincika wurin hukumar SEC ta Nijeriya kafin ya biya ko kwabo.

Na biyu, kada hakimi ko malaminsa ya sa hannu ko hatimi a takardar jinginar gona ko gida wadda aka san don wannan ciniki za a ci bashin, sai an karanta wa mai dukiyar misalin da ke sama.

Na uku, a tsare kuɗin adashi da na ƙungiyoyin gama kai, kada a bar ma'aji ya sa su ciki.

Na huɗu, da ya ke akwai maganar sayar da abin da ba a mallaka ba, da ta kuɗin ruwa, a tura mai tambaya ga malamai su bayyana masa hukuncin Shari'a.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar wa jama'arsu.