Sanyin da Ake Cewa Ya Shiga Ƙashi

Duk shekara idan damina ta yi nisa a Accra, musamman a watannin Yuli da Agusta, ko kuma iskar hunturu ta sauko a Disamba, maganar sanyi takan yawaita a Nima da Maamobi da Sabon Zango, kuma masu tallar magani sukan samu kasuwa da kwalaben da ake cewa suna fitar da sanyi daga ƙashi. Abin da akan ɗora wa laifi sananne ne, wato kwanciya a kan siminti da wanka da asuba da shan ruwan ƙanƙara, kamar dai sanyi wani abu ne mai jiki da ke ratsa fata ya samu masauki a ɓargo. Alhali Accra gari ne na bakin teku da zafinsa ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 20 ba ko da tsakar dare, abin da mutumin Maraɗi ko Katsina ba zai kira ɗari ba.

Da yawa daga cikin masu wannan kuka jikinsu zafi yake yi a daidai lokacin da haƙoransu ke kaɗawa, kuma dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan sashe a ƙasanta da ke tsayar da zafin jiki a wajajen digiri 37, amma idan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta hayayyafa cikin jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su, abubuwan da ke zuba cikin jinin sukan sa wannan sashe ya ɗaga ma'aunin zuwa 39 ko 40. Daga nan jiki sai ya ga kansa a ƙasa da abin da aka gindaya masa, tamkar mai awo da aka sauya wa mudu da babba, hatsinsa yana nan yadda yake amma mudun ya ƙi cika. Don cike giɓin sai jijiyoyin jini na fata su tsuke, tsokoki su shiga karkarwa don su haifar da ɗumi, maras lafiya ya nemi bargo uku alhali mai taɓa goshinsa yana jin kamar ya dafa murhu. Wanda ya ga yadda ruwa ke kwanciya a kewayen kogin Odaw da tafkin Korle, ya kuma ga 'yan matan da suka zo daga arewa suna dako a kasuwar Agbogbloshie, da yawansu suna kwana a bakin shaguna ba gidan sauro, ba zai yi nisa wajen neman asalin wannan rawar ɗari ba. Gwajin jini na ɗan yatsa yakan raba gardama cikin minti 20, sai dai kwalbar mai talla ta fi asibitin Maamobi kusa da ƙofar gida.

Akwai kuma wani rukunin da sanyi ke taɓa wa ƙashi da gaske, su ne masu amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, cutar da kusan jarirai 2 cikin kowane 100 ke zuwa duniya da ita a Ghana. Jajayen ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe kamar lauje su yi tauri, don haka idan iska mai sanyi ko dukan ruwan sama ya tsuke ƙananan jijiyoyi, sai su cunkushe kamar motocin doya a mashigar kasuwa, jini ya kasa kaiwa ga ɓargo, ciwo mai kama da sara ya tashi a ƙwauri da baya da ƙirji. Likitan nan ɗan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, wanda ya yi aiki a asibitin Korle Bu, ya bi sawun cutar a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670, ya kuma nuna cewa ƙabilun ƙasar sun daɗe da sanin ta da sunayensu, 'yan ƙabilar Ga suna ce mata chwechweechwe, masu jin Twi kuma ahotutuo. Magabata sun lura daidai cewa tana tashi da sanyi kuma tana bin gida, abin da ya ɓace musu shi ne gadonta ake yi daga uwa da uba tare.

An fara gwada jarirai tun daga haihuwa a Kumasi a 1995, kuma maganin hydroxyurea, mai rage yawan tashin ciwon, ya shiga tsarin inshorar lafiya na ƙasa, amma shekarun da suka biyo baya ba su isa hukuma ta kai gwajin ga kowane ɗakin haihuwa ba. Don haka har yanzu akan samu yaro a Zango da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura tun yana goye, wanda shi ne alamar farko da aka fi gani, a yi ta gasa masa jiki da ruwan zafi ana shafa masa man zafi da sunan sanyi, har ya kai shekarun shiga makarantar allo ba a taɓa duba jininsa ba.